Yadda Ake Zaɓen Cikakkiyar Fistol Mai Jikin Roba a Amurka

Na haura shekara goma ina zaune a Houston ta jihar Texas, kuma duk Asabar ɗin da ba ni da aiki, a filin harbi nake yin hantsi. Tun da 'yan'uwanmu na nan suka gane haka, da wuya a tashi daga taron suna ko cin abincin Sallah wani bai ja ni gefe ba ya ce, "Malam, wacce zan saya?" Suna ɗaya yake so in faɗa masa ya tafi shago. Ni kuwa ba na faɗa, domin na raka mutane da yawa sayen bindiga, kuma na ga yadda wadda ta zauna daram a hannun wani take zame wa wani alaƙaƙai. Hannunka ne zai zaɓa, kuma ba zai iya zaɓa ba sai ka ba shi dama ya riƙe, ya harba. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da nake bi da duk wanda na raka.

Kafin komai, wannan bayani na mazauna Amurka ne da doka ta ba su izini. A Najeriya, dokar makamai ta sa fistol cikin haramtattun bindigogi waɗanda farar hula ba ya riƙewa sai da lasisi daga shugaban ƙasa. Kada kuma wani ya yi tunanin sayen bindiga a nan ya cusa ta cikin mota ko kwantena zuwa gida. Laifi ne babba a ƙasashen biyu, kuma ana ɗaure mutane a kansa.

Idan an ce cikakkiyar fistol, ana nufin wadda bututunta ya kai inci 4 zuwa 5, ƙotarta ta cika tafin hannu har ƙaramin yatsa ya samu wurin zama, gidan harsashinta kuma yana ɗaukar 17 zuwa 19. Irinta 'yan sanda ke ratayawa a ƙugu. Jikin roba kuwa ba yana nufin duka bindigar roba ce ba. Ƙota da gangar jikin ƙasa ne na roba mai tauri da ake kira polima, amma bututu da silaid, wato saman da ke zamewa baya ya dawo a duk harbi, ƙarfe ne. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya fara fito da irin wannan a 1970, amma Glock 17 ta Ostiriya, wadda sojojin ƙasar suka karɓa a farkon shekarun 1980, ita ce ta sa duniya ta yarda da ita. Amfaninta: ba nauyi, ƙotar ba ta tsatsa ko da gumin Houston, kuma ta fi ta ƙarfe zalla araha.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Katin shaida mai hoto wanda ke ɗauke da adireshin da kake zaune yanzu, yawanci lasisin tuƙi. Idan katin zama na dindindin gare ka, ka tafi da shi.

Abin toshe kunne iri biyu, na cusawa da na kifawa. A filin harbi na cikin gini ka haɗa duka biyun.

Tabarau na kariya, hula mai baki, da riga mai rufaffen wuya. Kwanson harsashi yana fitowa da zafi, idan ya faɗa cikin riga mutum zai zabura da bindiga a hannu. Jallabiya mai buɗaɗɗen wuya da takalmin silifa ka bar su a gida.

Ƙaramin littafi da biro, da farantan takarda irin na cin abinci kamar ashirin, ko takardun bara na filin.

Kuɗin haya da na harsashi, kwali uku masu 50.

Abokin tafiya da ya san harbi. Filaye da yawa ba sa ba mutum hayar bindiga idan ya zo shi kaɗai kuma bai zo da tasa ba, saboda haka ka buga waya ka tambaya.

MATAKI NA 1: KA TABBATA DOKA TA YARDA DA KAI

Dokar tarayya ta ce sai ka cika shekara 21 kafin dila mai lasisi ya sayar maka da fistol. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya saye. Wanda ke kan bizar karatu ko ta ziyara, asali an hana shi, sai a wasu 'yan keɓantattun yanayi, kuma shawarata gare shi ya ga lauya kafin ma ya taɓa bindigar haya. Wanda aka taɓa samu da babban laifi, ko laifin dukan iyali, ko mai shan wiwi ko da jiharsa ta halatta ta, duk dokar tarayya ta hana su.

Sai dokar jiha, wadda ita ce ke canza jerin abin da za ka iya zaɓa. A Texas ba a jira, idan binciken tarihinka da ake yi kafin a sayar maka ya fito lafiya ka tafi da kayanka a ranar. A Kalifoniya akwai jiran kwana 10, akwai kuma jerin fistol ɗin da aka amince a sayar, wadda ba ta ciki ba za ka same ta sabuwa a shago ba. Kalifoniya da New York da New Jersey da wasu jihohin sun taƙaita gidan harsashi zuwa 10. Idan a can kake, to maganar wannan na ɗaukar 17 waccan na ɗaukar 19 ba ta shafe ka ba. New York kuma sai da lasisi kafin ka mallaki fistol.

MATAKI NA 2: ME ZA KA YI DA ITA, KUMA INA ZA TA KWANA?

Cikakkiyar fistol ta tsaron gida ce da koyon harbi da gasa. Ita ce ta fi sauƙin koyo, domin nauyinta da tsawonta suna shanye shurin da take yi, tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya kuma tana taimaka wa ido. Amma idan nufinka ka ɓoye ta a jiki kullum, za ta dame ka, ƙotar za ta riƙa turo riga. Mai wannan niyya ya duba matsakaiciya irin Glock 19.

Kasafin kuɗi kuwa, kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya ƙirga kuɗin bindiga kawai. Yawancin waɗanda zan ambata suna tsakanin dala 400 da 700. Ka ƙara kuɗin akwatin ƙarfe mai buɗewa da lamba, da ajin koyarwa, da harsashi aƙalla 500 na watannin farko, da kayan wanki. Idan kuɗin bai isa duka ba, ka sauko zuwa bindiga mai araha, kada ka yanke akwati ko aji.

Akwatin nan ni dai ina sa mutum ya saye shi kafin bindigar. Gidajenmu ba irin na maƙwabta ba ne. Yau ana suna, gobe baƙi sun sauka daga gida, yara goma suna guje-guje daga ɗaki zuwa ɗaki, kuma babu saman kabad ɗin da yaro ɗan shekara shida ba zai hau ba. Akwai kuma maganar da ba a son yi: fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara, su ne suka kashe kansu. Idan kai ko wani a gidan yana cikin matsananciyar damuwa, ko zaman aure ya yi tsami, ka ɗage sayen. Lambar 988, ta masu neman agaji a irin wannan hali, tana amsa kira dare da rana. Ka kuma yi shawara da maiɗakinka tun kafin ka je shago, domin gidan nata ne ita ma.

MATAKI NA 3: KA TSAYA A KAN 9MM

A nan ba sai an ja magana ba. Harsashin 9mm ya fi .40 da .45 araha, shurinsa ya fi sauƙi, ana samunsa a kowane shago, kuma hukumar FBI da kanta ta bar .40 ta dawo gare shi. Mai koyo yana buƙatar yawan harbi, kuma yawan harbi sai da harsashi mai araha.

MATAKI NA 4: KA RAGE JERIN ZUWA UKU KO HUƊU

Idan ka tsaya gaban gilashin shago za ka ga baƙaƙen bindigogi kamar hamsin, duk kamar uwa ɗaya ta haife su. Ga waɗanda na fi sani, na kuma harba da hannuna.

Glock 17. Bututu inci 4.49, harsashi 17. Ba ta da ado, kuma da wuya ta ƙi tashi. Babban abin da ta fi sauran da shi shi ne kasuwa: gidan harsashi, kube, saiti, kayan gyara, duk inda ka shiga akwai, kuma da araha. Samfurin Gen5 da ya fito a 2017 ya cire ramukan yatsu na gaban ƙota, waɗanda ba kowane hannu suke yi wa daidai ba. Ƙotarta tana da ɗan faɗi kamar bulo, kuma ta fi sauran kwanciya baya. Saitin da ake sa wa yawancinsu daga masana'anta na roba ne, mutane da yawa suna canza shi da na ƙarfe.

Smith & Wesson M&P9 M2.0. Bututu inci 4.25, harsashi 17. Tana zuwa da bayan ƙota da ake cirewa a musanya, guda huɗu masu girma daban-daban. Ƙotar tana da kaushi sosai kamar takardar goge katako, wanda ke da daɗi idan hannu ya yi gumi. Ana samunta da sefti na babban yatsa, wato ɗan makullin da ke hana ta tashi sai an kawar da shi, ana samunta babu.

Walther PDP. Ta fito a 2021, cikakkiyar tana ɗaukar 18. A ganina kunamarta ta fi ta sauran daɗi daga kwali, kuma an riga an yanke mata wurin ɗora saiti mai jan ɗigo. Silaid ɗinta yana da ɗan tsawo sama, wasu suna jin hancinta ya fi ɗagawa. Akwai samfurin F da aka yi wa masu ƙaramin hannu.

Heckler & Koch VP9. Ta fito a 2014. Bayan ƙota uku da gefuna shida take zuwa da su, saboda haka ita ce ta fi karɓar gyara don dacewa da hannu. Tana da 'yan kunnuwa a bayan silaid da ke sauƙaƙa ja. Abin sakin gidan harsashinta na asali filafili ne a ƙasan kunama, ba maɓalli ba. Bahago yakan so shi, wanda ya saba da maɓalli kuma sai ya koya. Ita da kayanta sun fi tsada.

CZ P-10 F ta ƙasar Cek. Bututu inci 4.5, harsashi 19, farashi mai sauƙi. Ƙotarta doguwa ce, mai babban hannu zai ji daɗinta.

Canik ta Turkiyya, samfurin TP9 da METE. Ita nake nuna wa mai ƙarancin kuɗi. Kunama mai kyau, harsashi 18, kuma yawanci har da kube a cikin akwatin.

SIG Sauer P320. Sojojin Amurka sun zaɓe ta a Janairun 2017 da sunan M17. Injin cikinta ne ke ɗauke da lambar rajista, don haka ana iya canza mata ƙota gaba ɗaya. Sai dai ka san cewa a 2017 kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta bayan an nuna tana iya tashi idan ta faɗi a wata kusurwa, kuma daga baya an shigar da ƙararraki ana zargin ta tashi ba a taɓa kunama ba, zargin da kamfanin ke musantawa. Ka karanta halin da maganar ke ciki, ka kuma tambayi filin da za ka riƙa zuwa, domin wasu wuraren koyarwa sun daina karɓarta.

Duk waɗannan allura ce a cikin silaid ke saran harsashi, jan kunamarsu iri ɗaya ne daga harbin farko zuwa na ƙarshe, wajen laba biyar zuwa shida, kusan kilo biyu da rabi. Akwai masu guduma a baya irin CZ P-09, waɗanda jan farko yake da tsawo da nauyi, sauran kuma gajeru. Suna da kyau, amma jan kunama iri biyu za ka koya. Ga mai farawa na fi son iri ɗaya.

MATAKI NA 5: GWAJIN HANNU A SHAGO

Ka je ranar aiki da hantsi, lokacin da ba cunkoso. Idan mai shago ya miƙo bindiga, ya kamata ya cire gidan harsashi, ya ja silaid ya kulle shi a baya. Kai ma ka leƙa ramin bututu da idonka ko da ka ga ya duba. Na taɓa shiga wani shago yaron kanti ya miƙo mini fistol a rufe, bakinta na kallon cikina, yana hira da wani. Na karkatar da ita, na buɗe da kaina, ban kuma sake komawa wurin ba. Ƙa'idoji huɗu ne, daga nan har abada: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ka lalata ba, yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ka saita ka yanke shawarar harbi, ka san abin da kake bara da abin da ke bayansa.

Yanzu riƙo. Ka tura kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya can sama, har ya manne da ƙeyar ƙota, ba rata. Bututun ya zama a layi ɗaya da ƙashin damtsenka na ƙasa, kamar hannun ne ya ci gaba. A haka, ba tare da ka murɗa bindigar ba, ka nemi izini ka ɗora manuniya a kan kunama. Tsakiyar gaɓar farko, inda zanen yatsa yake, ita ya kamata ta kwanta a fuskar kunamar, kuma a samu ɗan sarari tsakanin sauran yatsan da jikin bindiga. Idan sai ka juya ƙotar zuwa gindin babban yatsa kafin ka kai, ta yi maka girma. Wannan shi ne ma'auni mafi muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Wani direban babbar mota da na sani ya sayi irin ta abokinsa ba tare da ya gwada ba. Mutum ne mai ƙiba amma yatsunsa gajeru. Duk harbin da ya yi, shurin a gaɓar babban yatsansa yake sauka, kafin ya gama kwali ɗaya wurin ya yi ja ya kumbura, harsasan kuma sun watse a takarda kamar an watsa wa kaji tsaba. Da muka sa masa bayan ƙota mafi ƙanƙanta abin ya ragu, amma bai warke ba sai da ya sayar da ita da asara ya sayi mai siririn wuya.

Sai ka kawo ɗaya hannun. Ya kamata a samu fili a gefen ƙota inda tudun tafinsa zai manne da robar kanta. Idan yatsun hannun farko sun zagaye sun rufe wurin, ƙotar ta yi maka ƙanƙanta, ka nemi a sa babban baya. Kada ka ji nauyin cewa a canza maka, minti biyu ne.

Ka gwada maɓallin sakin gidan harsashi da abin sakin silaid: babban yatsanka yana kaiwa? Idan kai bahago ne, ka tambaya ko ana juya maɓallin zuwa ɗaya gefen.

Gwaji na gaba: ka zaɓi wani ɗigo a bangon da mai shago ya nuna maka, ka riƙe da hannu biyu a ƙirji, ka rufe ido, ka miƙa hannu, ka buɗe. Ina saitin gaba yake? A hannun wasu, Glock takan kalli sama kaɗan saboda kwanciyar ƙotarta, a hannun wasu kuma ita ce ke faɗawa daidai. Ka yi sau biyar da kowacce. Horo yana gyara wannan, amma wadda ta zo daidai da kanta ta rage maka aiki.

Sai jan silaid. Masu cewa ba su da ƙarfi, yawanci dabara ce ba su samu ba. Wata ma'aikaciyar jinya, matar abokina, ta kusa haƙura saboda tana tsinkar bayan silaid da yatsu biyu tana ja kamar mai jan zaren baka. Na ce mata, "Hajiya, ki matso da ita kusa da ƙirji, ki kife tafin hagu a bayan silaid ki damƙe da yatsu huɗu, ki tura ƙotar gaba da hannun dama da ƙarfi, sannan ki saki." Karo na biyu ta yi shi. Hannun da ya kife kada ya rufe tagar da kwanso ke fita, kada kuma ya wuce gaban bututu.

A ƙarshe ka nemi izinin jan kunama ba harsashi. Ka ja a hankali kana kallon saitin gaba. Za ka ji sako-sako, sai ka ci karo da bango, sai ta karye. Idan saitin ya girgiza lokacin karyewar, ka lura da wace bindiga ce ya fi girgiza. Kada ka nemi kunama mafi sauƙi. Ka nemi wadda kake iya ja kai tsaye baya ba tare da saitin ya motsa ba.

Kada ka saya a wannan ranar, ko da an ce rangwamen yau zai ƙare.

MATAKI NA 6: HARBIN HAYA

Ka ɗauki hayar ukun da suka tsira, ka gwada su rana ɗaya da harsashi iri ɗaya, na atisaye mai lambar nauyi 115 ko 124 a jikin kwali. Filaye da yawa sai da harsashinsu ake harba bindigar haya. Idan ba ka taɓa harbi ba, ka fara da aji ko awa ɗaya da malami, in ba haka ba tsoron ƙara kawai za ka auna.

Ga yadda nake tsara shi. Faranti a yadi 7. Kowace bindiga harbi biyar na sabo, ba a ƙirga su. Sai sabon faranti, harbi goma a hankali, kana numfashi tsakaninsu. Ka rubuta sunan bindigar a bayan farantin. Sai wani farantin, harbi bibbiyu sau biyar, kana lura da yadda saitin gaba ke tashi da yadda yake dawowa wurinsa. Ka huta, ka sha ruwa, sannan ka sake zagayen amma ka juya jerin, ta ƙarshe ta zama ta farko, ta tsakiya ta koma ƙarshe. Dalili: ta farko tana samun hannu mai sanyi, ta ƙarshe tana samun hannu mai gajiya, kuma idan ba ka juya ba ta tsakiya ce za ta ci gasar ba da haƙƙinta ba.

Abin da za ka duba a faranti shi ne taruwar ramuka, ba kusancinsu da tsakiya ba. Ramukan da suka taru wuri guda a gefe, gyaran saiti ne ko na riƙo. Idan kai na-dama ne ka ga suna sauka ƙasa ta hagu da duka bindigogin, laifin ba nasu ba ne, kana fizgar kunama ne kana tarar shuri kafin ya zo. Bahago nasa ƙasa ta dama yake zuwa.

Bayan kowacce ka dubi hannunka. Akwai inda ya yi ja? Ƙasan garkuwar kunama yana cin gaɓar yatsan tsakiya? Silaid ya karce bayan hannu? Sai ka gyara riƙo bayan kowane harbi biyu? Silaid ya ƙi tsayawa a baya da harsashi ya ƙare? Wannan na ƙarshen yawanci babban yatsanka ne ke danne abin tsayar da shi, kuma a wasu samfuran ya fi faruwa gwargwadon hannu. Ka rubuta duka nan take, domin da ka isa mota za su cakuɗe maka.

Idan bindigar haya ta cije sau ɗaya, kada ka yanke mata hukunci. Dubban harsasai suke ci ba wanki, kuma sakin wuyan hannu ma yana jawo cijewa. Ka ajiye ta bakinta na kallon gaba ka kira mai kula da fili. Idan kuma ka ji harbi ya yi ƙara maras ƙarfi ba kamar sauran ba, ka tsaya cak, kada ka sake ja: mai yiwuwa harsashi ya maƙale cikin bututu.

Idan babu wurin haya kusa da kai, ka yi rajistar ajin masu farawa, malamai da yawa suna zuwa da bindigogi iri-iri. Ko ka roƙi abokai biyu su zo fili da nasu, kai ka sayi harsashin. Idan duk babu, ka dogara da gwajin shago, ka zaɓi wadda ke da bayan ƙota masu yawa da kasuwa mai faɗi, yadda ko ba ta yi maka ba za ka sayar ba da babbar asara ba.

Da ka fito ka wanke hannu da fuska da sabulu da ruwan sanyi kafin ka ci wani abu, saboda dalma. Mai juna biyu ta jira sai bayan ta sauka.

MATAKI NA 7: IDAN BIYU SUN YI KUNNEN DOKI

Sau da yawa biyu ne ke rage. A nan sai ka duba kuɗin gidan harsashi ɗaya, domin za ka so aƙalla huɗu, kuma na wasu kamfanonin ya kusa ninka na Glock. Ka duba ko ana samun kube mai tauri da ke rufe kunama ruf. Idan idonka ya fara gajiya da karatun kusa, ka ɗauki samfurin da aka yanke wa wurin jan ɗigo, ko ba yanzu za ka ɗora ba; yankewa daga baya ta fi tsada. Ka tabbata akwai layin maƙala tocila a ƙasan bututu, domin bindigar tsaron gida ba ta da amfani idan ba ka ga wanda ke gabanka ba, kuma mai motsi a falo da tsakar dare ya fi yiwuwa ɗanka ne ya fito shan ruwa.

Maganar sefti na babban yatsa, duka hanyoyin biyu suna da kyau. Waɗanda ba su da shi suna da makullai a ciki da ke hana allura motsi sai an ja kunama. Idan ka zaɓi mai shi, dole ka horar da yatsanka har ya zama ɗabi'a.

Ka sa a nuna maka yadda ake kwance ta. Glock da wasu irinta sai an ja kunama kafin silaid ya fita, kuma a wannan gaɓar ce masu sakaci ke harbin bango ko ƙafarsu. M&P da P320 ana kwance su ba tare da jan kunama ba.

MATAKI NA 8: SAYE

Za ka cike fom 4473, dila ya tura sunanka binciken NICS na FBI. Amsa takan zo cikin mintuna, wani lokaci kuma a ce a jira, musamman ga masu suna irin namu da ke yawan kama da na wasu. Sa lambar soshiyal a fom ɗin ba dole ba ne, amma yana rage wannan. Ka karanta kowace tambaya da kyau, ƙarya a fom ɗin babban laifi ne. Kada ka taɓa saya wa wani da kuɗinsa da sunanka, ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Idan ta intanet ka saya, ko daga wata jiha, za a aika ta wurin dila mai lasisi a jiharka, ka biya shi ladan karɓa.

Ta hannu ma ba laifi, musamman waɗanda 'yan sanda suka mayar, domin sun sha rataya amma ba su sha harbi ba. Ka haska cikin bututu ka ga ba kumburi ba rami, ka duba robar kusa da layukan da silaid ke bi ko akwai tsagewa, ka guji wadda aka taɓa wa kunama a gida.

Kafin ka sa hannu, ka gwada lambar jikin bindiga da ta kwali da ta takarda, ka ƙirga gidajen harsashi da bayan ƙota, ka tabbata makullin da doka ta ce a haɗa maka yana ciki.

MATAKI NA 9: MAKON FARKO

Ka karanta littafinta daga farko zuwa ƙarshe. Ka kwance ta a ɗakin da babu harsashi ko ɗaya, ka goge man masana'anta, ka ɗiga mai kaɗan inda littafin ya nuna. Kada ka zuba mai a ramin allura.

Ka kai ta fili ka harba 200 zuwa 300 na atisaye da duka gidajen harsashinka, ka sa wa kowanne lamba a gindi don ka gane mai ba da matsala. Sababbin gidaje suna da tauri, na ƙarshe ko biyu sukan ƙi shiga. Ƙaramin abin lodi na roba yana magance wannan. Sannan ka gwada aƙalla kwali biyu na harsashin tsaro mai rami a baki, irin wanda za ka ajiye, ka ga tana cinsa ba cijewa. Kada ka canza kunama ko wani abu na ciki a watannin farko.

Akwatin ka ɗaure shi da kusoshi a jikin bango ko gado, lambar kuma kada ta zama ranar haihuwar kowa a gidan. Ka yi atisayen buɗe shi cikin duhu da bindigar babu harsashi. Idan za ka yi tafiya gida hutu na wata ɗaya ko biyu, ka cire harsashi, ka zura makullin ta cikin tagar silaid, ka kulle harsashin a wani wuri dabam, ko ka tambayi filin harbinku, domin wasu suna karɓar ajiya da kuɗi kaɗan.